Dandamali a Hagu, Ƙofa a Dama

Injiniya ya fi kowa sanin titin nan ya yi kyau, domin shi ya zana shi. Layin bas a tsakiya, an shafe shi da jan fenti, an kange shi da ɗan gajeren kankare don kada ƙananan motoci su kutsa. Tsakanin layin zuwa da na dawowa ga dandamalin jira mai rumfa, tsayinsa daidai da ƙofar bas, fasinja ya taka kawai ya shige. Wannan dabarar saboda mahaifiyarsa ya yi ta, wadda gwiwoyinta suka daɗe da yi mata tawaye, kuma ta rantse ba za ta je asibiti a motar ofis ba.

"Inna, ke dai zuba ido," yakan ce mata. "Kamar daga falo zuwa ɗaki za ki shiga."

Kujerar mataimakin darakta kuwa babu kowa a kanta, an kuma raɗa masa cewa in bikin buɗe titin ya tafi lami lafiya, tasa ce. Yana son kujerar nan, so na gaske, har yakan ji kunyar kansa.

To, sashen zane yana hawa na biyu, sashen sayen motoci yana hawa na uku, shugabanninsu kuma ba sa ga maciji tun ranar da ɗaya ya ajiye mota a inuwar ɗayan. Ko gaisuwa sai ta bakin masinja. Don haka na sama suka sayo bas ba su ga zane ba, na ƙasa suka yi zane ba su ga bas ba, kowa yana taƙama da ƙwarewarsa.

Ana gobe biki aka yi gwaji. Bas ta shigo tana sheƙi, ta tsaya daidai dandamali ba ta kuskure ko taku ba. Direba ya danna maɓalli, ƙofa ta buɗe da huci, a dama, wajen da motoci ke tsala gudu. Dandamali yana hagu yana kallon ƙarfe da gilashi.

Injiniya ya matsa kusa da Darakta.

"Ranka ya daɗe, sai dai a ɗage bikin. Ko a sauya motocin, ko mu..."

"A ɗage?" Darakta ya dube shi ta saman tabarau. "Mai girma babban baƙo tafiya zai yi ko hoto zai ɗauka?"

"Hoto, ranka ya daɗe."

"To a juya ta ta kalli inda ta fito mana. Ƙofar ba sai ta dawo hagu ba? Kai fa muke shirin ɗagawa sama, kada ka ba ni kunya."

Injiniya ya buɗe baki, ya tuna kujera, ya mayar ya rufe.

Bikin ya ƙayatar. Bas tana tsaye ta juya wa hanyarta baya, Mai girma ya taka ya shige ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, ya fito, ya sake shiga saboda mai hoton bai shirya ba. Ya ce ko a ƙasashen waje bai ga irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Aka kira Injiniya aka yi masa tafi. Inna tana cikin taro tana share hawaye da gefen mayafi, tana gaya wa duk wanda ke kusa cewa ɗanta ne.

Daga baya aka kafa kwamitin gyara, aka sa shugabannin sassan nan biyu a ciki. Bai taɓa zama ba, don an rasa wanda zai yarda ya riga ɗayan shiga ɗakin taro. Motoci dai suka fara aiki. Fasinja ya jira a rumfa, in bas ta zo ya diro, ya zagaya ta gabanta, ya tsallake kankare, ya tsaya a tsakiyar motoci ya yi addu'a, sannan ya hau.

Wata safiya Injiniya, sabon Mataimakin Darakta, yana kishingiɗe a bayan sabuwar mota mai baƙin gilashi, sai tafiya ta tsaya cik, hon ya kaure ta ko'ina.

"Yallaɓai, wata tsohuwa ce ta tare hanya," in ji direbansa. "Mutanen nan ba sa jin magana wallahi. Ga rumfa an gina musu, sai sun shigo titi."

Ya ɗago kai. Inna ce, ƙafa ɗaya ta tsallake kankare, ɗayar ta ƙi biyowa, ta riƙe gwiwa tana cije leɓe. Direban ya danna mata hon mai tsawo. Ta firgita, ta juyo, ta ɗaga hannu tana ba motar haƙuri.

Hannun Injiniya ya kai ga ƙofa, sai ya hango fasinjojin da ke tsaye suna zagin uban wanda ya zana titin.

"In ƙara mata, Yallaɓai?"

Ya zame ƙasa a kujerarsa.

"Bar ta," ya ce. "Bi ta ɗaya layin."