Tukunyar Wofi a Bayan Ɗakin Inna

Ƙanwata Bahijja da tiyata aka ciro ta, kuma tun da ta zo duniya ba ta taɓa ƙoshi ba. Ba zagi nake ba, ni na goya ta, bayana ne shaida. Mu biyar Inna ta haifa a ɗakinta nan Tudun Wada, duk kamar sillen kara, sai ita kaɗai ta asibiti, wadda tun tana firamare yara ke kiranta buhun masara. Takan share tuwo ta zauna tana kallon kwanon, ba kallon kwaɗayi ba, kallon tsoro.

Da cikinta na fari ya tsufa, likitar awo ta ce da wannan ƙibar da hawan jini, aiki za a yi mata. Bahijja ta tambaye ta ko gaskiya ne abin da ta gani a waya, wai 'ya'yan tiyata sun fi saurin ƙiba. Likitar ta ce wasu masu bincike sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba, har yanzu ba a tabbatar ba. Rabin farko kawai Bahijja ta ji. Ta rantse ba mai sa mata wuƙa, gara ta mutu a kan gwiwa da ta haifi mai irin yunwarta. Mijinta Kailani ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji ya kawo ta gidanmu. Ni kam mari na so kwaɗa mata, don tsoro ya gama cika ni.

Da hantsi Inna ta ja mu bayan ɗaki. Akwai wani wuri da simintin ya kumbura ya tsage, an sha kiran magini ya shafe, sai ya sake tasowa. Mu a zatonmu saiwar bishiyar maƙwabta ce. Inna ta ce nan aka binne mabiyiyar kowannenmu, a wanke a sa a tukunyar ƙasa, yadda aka gada. Ta Bahijja kuwa, Inna na kwance ba ta farfaɗo ba, Baba ya ji kunyar tambayar ma'aikatan asibiti, aka zubar. Gudun surutun dangi, kakarmu ta binne tukunya ba komai a ciki.

"Tukunyar wofi aka binne miki," in ji Inna. "Ita ce har yau take neman abin da zai cika ta."

Na ce camfi ne, na ɗauko diga da kaina don in ƙaryata zancen. Simintin da ɗumi kamar jikin mutum, alhali rana ba ta kai wurin ba. Tukwanenmu na tarar da su ƙanana, duk sun farfashe. Ta Bahijja kuwa na yi ta haƙa gefenta ban kai gindinta ba. Ta kai girman randa, babu tsagi ko ɗaya, ga Inna na rantsuwa 'yar tukunyar miya ce aka sa. Na ɗaga murfin. Ba komai a ciki, sai wani ƙugi da ya taso a hankali, irin na cikin mai azumi. A bayana cikin Bahijja ya amsa.

Na mayar da murfin, na tura ƙasa. Nan Bahijja ta ce ta yarda da aikin, amma sai in zan tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, kada in gusa sai an miƙo mini mabiyiyar a hannu. Ban yi mata musu ba. Camfi ne ko ba camfi ba, ni dai ranta nake so.

Aka ciro mace. Na yi wa ma'aikatan naci har suka gaji da ganina suka miƙo mini mabiyiyar, na kai gida, Inna ta wanke ta binne nesa da wancan wuri. Ranar da nono ya kawo ina zaune a bakin gado aka sa wa Bahijja jaririyar. Bahijja ta ƙura mata ido, ko numfashin kirki ba ta yi. Yarinyar ta sha, ta sha, sai ta saki da kanta, ta kau da kai ta yi barci, nono na bin gefen bakinta.

Bahijja ta sake kai mata, ta ƙi karɓa. Sai ga hawaye.

"Yaya Naja'atu, ta ƙoshi ke nan?"

Na ce mata ta ƙoshi.

"To yaya ake ji?"