Tudun da Ke Bayan Shingen Filin Jirgi

Jirgin ya ɗaga hanci ke nan sai garken balbelu ya tashi daga cikin doguwar ciyawa ya gitta gabansa. Daga kan taraktar yankan ciyawa, Dogo ya ga farin gashi yana saukowa kamar an yage matashin kai. Jirgin ya kewayo ya sauka lafiya, amma shi ya san ciyawar, ya kuma san wanda ya bar ta.

Shekara goma sha ɗaya yana aske wannan fili, kuma duk sanda ya iso wani ɗan tudu kusa da shinge, sai ya ɗage wuƙar injin ya kauce. A nan mahaifiyarsa take kwance, tare da sauran mamatan ƙauyen da aka tasa lokacin da aka shimfiɗa titin jirgi na biyu. An kwashi masu rai a manyan motoci, matattu kuwa aka ja waya aka rufe da su. Bai taɓa yarda tayarsa ta hau kansu ba. A haka ciyawar ta yi tsawo, fara ta taru, tsuntsaye suka biyo fara.

*

"Rai ɗari biyu da arba'in ke cikin jirgin nan, Dogo," in ji shugaban sashensu, yana buga biro a tebur. "Don kawai ka ga dama ka buɗe wa tsuntsaye masauki."

"Ranka ya daɗe, kaburbura ne a wurin."

"Kaburburan wa?"

"Namu. Har da na mahaifiyata."

Shugaban ya jawo littafin da aka buga na cikar filin shekara hamsin, ya buɗe shafin farko mai ɗauke da tsohon hoton wurin ya tura masa.

"Ka yi boko ai, karanta. Daji ne fetal, babu gida babu gona. Ni takarda nake bi, takarda kuwa ba ta san da kabari ba. Gobe ka aske shi ƙwal, greda ta biyo ka ta daidaita. In hannunka ba zai iya ba, ka bar katinka a ƙofa, masu jiran kujerar nan sun fi talatin."

Dogo ya ƙura wa hoton ido. Can a kusurwar hagu, daidai inda aka datse shi, ana ganin rabin rufin ɗaki.

Ya so ya ce wani abu. Sai fuskokin 'ya'yansa huɗu suka faɗo masa a rai, da tarin da tsohonsa ke yi. Washegari da hantsi ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya sauke wuƙar, ya hau tudun. Sau bakwai taya ta yi tsalle a ƙarƙashinsa. Bai waiwaya ba.

*

Labari ya riga shi isa gida. Kwana uku tsohon bai ce masa uffan ba, a na huɗu ya ɗauki sandarsa.

"Kai ni in gani."

"Baba, ba a shiga sai da kati."

"Na ce maka shiga zan yi? Ta waya ma ai ana gaisawa."

Suka sauka daga mota a bayan filin, suka bi gefen shinge a hankali. Tsohon ya saƙala yatsunsa a waya, ya kanne idanunsa da suka fara hazo.

"Baiwar Allah," ya ce, yana 'yar dariya marar daɗi. "Ita da ko keke ba ta yarda ta hau ba, yau ga ta maƙwabciyar jirage. To, daidai ina take?"

Dogo ya leƙa ta waya. Jar ƙasa ce shimfiɗe sumul, tun daga waya har bakin kwalta. Ya duba dama, ya duba hagu. A da tudun ne ke nuna masa wurin, bai taɓa tunanin auna shi da wani abu ba.

"Ɗan nan, ba ka ji ni ba ne?"

Ya ɗaga hannu ya nuna wata shuɗiyar fitila, ɗaya cikin jerin fitilun gefen titi.

"Ga ta can, Baba."

Tsohon ya jingine sandarsa, ya cire takalmi, ya gyara tsayuwa ya fuskanci fitilar sosai. Sannan ya ɗaga tafukansa biyu ya fara yi mata addu'a.