Tsoho Mak Bai Ƙoshi Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta daga kan wuta.

Ta zo mu ji ta, in ta yi zafi ma hura.

Karo na huɗu ke nan Kaka Mak ta watsa katakon nan biyu a ƙasa, kuma karo na huɗu ke nan suka kife rub da ciki, su duka biyun.

Ta ce, "Bai ƙoshi ba."

Ɗanta Cheung ya dubi agogo. Goma da rabi ta wuce. Ɗakin ya zama wayam, an sauke gado, an sauke kabad, har keken ɗinkin marigayi yana ƙasa cikin mota. Abin da ya rage sai murhun gas, da kwanon suya, da ɗan teburin nan mai naɗewa. A kansa akwai jan allo mai sunan mijinta Mak Ping-kuen, tela, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. Gaban allon ga turaren tsinke yana ci, ga shinkafa da shayi, ga miya, ga farantin kabewa mai gashi da aka dafa da busasshen jatan lande da siririyar taliyar wake.

Katakon biyu masu kama da jinjirin wata, da su muke tambayar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. In ɗaya ya kife ɗaya ya yi rigingine, an ce e. In duk sun kife, an ce a'a. In duk sun yi rigingine kuwa, dariya ake yi miki. Kuma ko jikar da aka yaye jiya ta san ba a kwashe kwano a gaban mamaci sai ya ce ya ƙoshi, balle a ɗauki allonsa a yi ƙaura da shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Littafin ranaku ya ce yau ce ranar ƙaura ta ƙarshe mai kyau, kuma sai an shiga sabon gida kafin ƙarfe ɗaya. Jibi watan bakwai zai kama, watan da ake buɗe wa fatalwowi ƙofa, ba mai hankalin da zai tashi gida a cikinsa. Mai gidan da Cheung ya samo mata a garin Tai Po, ɗaki na ƙasa mara matakala ko ɗaya, ya ce in ba ta shiga yau ba, ɗan ƙanwarsa zai ba. Ita kuwa a hawa na shida take a unguwar Sham Shui Po, gidan ba lif, gwiwa ta ƙi.

Cheung ya ce, "Mama, sake jefawa."

"Mutum yana cin abinci kana ta leƙa masa baki? Haka na rene ka?"

Ta sunkuya ta ƙura wa farantin ido. Ta sa tsinken cin abinci ta ɗago yanka ɗaya, fari fat. Ta juyo a hankali wajen surukarta.

"Suk-yin, wa ya gyara kabewar nan?"

"Ni ce, Mama. Kina haɗa kaya, na ce in rage miki aiki."

"Da me?"

Suk-yin ta nuna 'yar wuƙar feraya ta roba.

"Feraye ta kika yi! Kamar dankali!" Kaka Mak ta dafa ƙirji. "Ƙasar nan kaf ba wanda ya taɓa feraye jit gwa, kabewa mai gashi, sai ke. Kankarewa ake yi da bakin cokali, gashin ya tafi, koren ya zauna. Kin tuɓe ta tsirara kin ajiye gaban surukinki. Ina zai iya ci? Kunya ma ta hana shi."

"Mama, Baba ko da ransa ba ya gani sosai."

"Yanzu yana gani. Can ba a sa tabarau."

Kabewa uku Suk-yin ta sayo, saura biyu. Kaka Mak ta zauna kan bokitin da aka kife, ta ɗauki ɗaya ta shiga kankara da cokali, ƙar, ƙar, ƙar, gashin yana manne mata a yatsu. Ta yanka ta tsinke-tsinke. Ta sa mai, ta jefa citta da tafarnuwa, ta zuba jatan landen da ta jiƙa har ƙamshi ya tashi, sannan kabewa, sannan ruwan jiƙon, ta rufe. Taliyar sai ƙarshe, don ta shanye romon. Ƙamshin nan ya bi matakala ya sauka hawa shida ya tarar da masu kwasar kaya.

Ba a jima ba sai ga Ngau, shugabansu, ƙato mai tawul a wuya, abokin aikinsa Sau-pei na bayansa, siriri kamar sandar shanya.

Ngau ya ce, "Maigida, mota tana bakin titi, ɗan sanda ya zagayo sau biyu. Me ake jira?"

Cheung ya ce, "Babana yana cin abinci."

Ngau ya dubi allon, ya rusuna sau uku. "A ci lafiya, Baba." Sannan ya haɗiyi yawu. "In ya gama, ragowar fa?"

Kaka Mak ta ce, "In ya gama kowa zai ci. Kafin nan kowa ya riƙe cikinsa."

Ta ajiye sabon farantin, kore shar, ta kawar da na Suk-yin gefe amma ba ta sauke shi ba. Aka ba tsoho minti goma. Ta jefa. Katako suka yi rigingine.

Sau-pei ya ce, "Dariya yake yi."

"Na ga haƙoransa, ba sai ka faɗa ba." Ta matso kusa da allon. "Kai mataccen tsoho, me ke ba ka dariya?" Tun yana raye haka take kiransa, kamar yadda matan unguwar ke kiran mazansu. Yanzu dai sunan ya zauna masa daram.

Ngau ya ce kakansa ma haka ya yi musu wata shekara, ashe kifi yake so. Kaka Mak ta ce mijinta ba kakansa ba ne, amma ta tura Suk-yin kasuwa ta sayo daƙaƙƙen kifi. Suk-yin ta sauka hawa shida ta hau hawa shida, ta dawo tana haki. Aka kankare kabewa ta ƙarshe, aka yanka ta zobe-zobe, aka ƙwaƙule cikin, aka cusa kifi, aka turara. Sha ɗaya da arba'in aka jefa. Suka kife. Aka sake. Suka kife. Ngau ya roƙi a bar shi ya gwada, wai hannunsa na da sa'a a wurin tseren dawaki. Katako ɗaya ya gangara ƙarƙashin murhu, aka jawo shi, kowa ya ce wannan ba lissafi ba ne.

Nan Cheung ya fashe. Akawu ne a kamfanin inshora, mutum mai lissafin sa'a da rashin sa'a tun safe har yamma.

"Sau bakwai, Mama! Sau bakwai ba e ko ɗaya! Wannan ba Baba ba ne, hannunki ne. Kin san yadda kike murza su. Ba kya son tashi, ki faɗa mini kawai in sallami mutanen nan, in daina wahalar da kaina."

Sau-pei ya shiga kallon silin.

Kaka Mak ta naɗe ƙafar wandonta ta nuna masa gwiwa, ta kumbura ta yi sumul kamar tulu.

"Tun bikin sharar kaburbura ban taka titi ba. Wata huɗu. Ina jin kasuwa ta taga, ina jin mai kifi yana zagin mai awara, ba ni da bakin sa musu. Kabewar da matarka ke kawo mini rabin gashinta ya zube, ta kwana uku a kwando. So nake in tsaya gaban mai sayarwa, in shafa da hannuna ta soke ni, in ce masa ɓarawo. Ni ce ba na son tashi? Ni da na haɗa kayana tun watan biyar?" Ta nuna allon da cokali. "Shi ne. Shekara arba'in da uku ina zaune da shi, bai taɓa gama cin abinci a kan lokaci ba. Ranar da zan haife ka ma sai da ya sha miyarsa ya suɗe ƙashi sannan ya nemo mota."

Cheung ya sunkuyar da kai. "To mu ɗauke allon kawai. Zai yafe."

"Ka ɗauke ubanka da loma a baki? Ka zauna da abin da zai biyo baya kai kaɗai."

Sha biyu saura biyar. Kaka Mak ta ƙura wa ƙafafun teburin ido. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kai ƙato. Teburin nan zai bi matakala a buɗe?"

"A buɗe, Kaka? Da kwanukan a kai?"

"Da komai. An ce kada a kwashe masa kwano, kada a tashe shi daga tebur. Wa ya ce sai teburin ya zauna a Sham Shui Po? Ya ci gaba da cinsa, mu kuma mu ci gaba da tafiyarmu."

Ngau ya auna teburin da hannu, ya leƙa matakala, ya sosa ƙeya. "Na sauke fiyano daga hawa na takwas. Na sauke akwatin kifi da kifin a ciki. Ban taɓa sauke mutum yana cin abinci ba."

"In miya ta zube, ba ku da rabo a kifin."

Haka aka fito. Ngau a gaba yana tafiya da baya, Sau-pei a sama, teburi a tsakani, turare na hayaƙi. Suk-yin na gefe da baƙar laima a buɗe bisa allon, don kada rana ta taɓa shi in an fita. A ƙarshe Cheung, da uwarsa goye a baya, ita kuma riƙe da tukunyar shinkafa tana buga masa ita a kafaɗa.

"Tsoho, ga kwana, riƙe kwanonka! Kai siriri, sauke naka gefen, miya tana gudu! Ɗaga! Na ce sauke, ba ɗaga ba!"

A hawa na huɗu matar Chow, maƙwabciyarsu ta shekara talatin, ta buɗe ƙofa da kwandon shara a hannu. Ta ga allo ta ga turare, ta ajiye kwando ta rusuna.

"Malam Mak, an fita ne?"

Kaka Mak ta ce, "Yana cin abinci, kada ki sa shi magana."

Matar Chow ta leƙa faranti. "Wa ya feraye wannan?"

Suk-yin ta ɓoye fuska a bayan laima.

A bakin titi ɗan sandan ya riga ya zaro biro. Ya dubi teburin, ya dubi laimar, ya mai da biro aljihu, ya tsayar da motoci har suka tsallaka. Aka sa teburin a bayan mota tsakanin kabad da keken ɗinki. Kaka Mak ta ƙi zama a gaba. Ta zauna kan katifa ta riƙe ƙafar tebur ɗaya, Cheung ya riƙe ɗaya, Suk-yin ta tallabe kwanon miya da hannu biyu ba tare da ta ɗaga shi ba. Duk inda aka zo gada sai Kaka Mak ta sanar da tsoho, don kada ya ɓata a hanya. "Tsoho, gada ce, biyo mu." Da aka shiga ramin da titi ya ratsa cikin dutse ta ce, "Duhu ne na ɗan lokaci, ka yi hankali da ƙayar kifi." Ngau na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na ta yi masa oda a baya, yana leƙo kai yana ce musu, "Dattijo na cin abinci, marasa tarbiyya!"

Ɗaya saura minti shida teburin ya tsallaka bakin ƙofar sabon gida. Kaka Mak ta ce a sauke ta, ta shiga da ƙafarta, tukunyar shinkafa a gaba. Taku uku ne daga titi zuwa ɗaki. Ta ƙirga su da ƙarfi. Ta fita, ta sake shigowa.

Aka ajiye tsoho kusa da taga. Miyar ko ɗigo ba ta zube ba. Cheung ya miƙa mata katakon, kowa ya kewaye, Ngau har ya zaro tsinken cin abincinsa daga aljihu. Ta jefa.

Suka kife.

Ngau ya yi nishi kamar an soke shi. Kaka Mak ta tsince su ta ajiye a gefen faranti, ta gyara wa allon zama.

"Ci a hankali, mataccen tsoho, yanzu ba inda za ni sai kasuwa." Ta ɗauki jakarta. "Ina kasuwar garin nan take? Suk-yin, taso ki ga yadda ake zaɓen kabewa. Ku kuma ƙattai, ku kunna murhu, naku daban zan dafa."

Ngau da Sau-pei sun ci faranti uku-uku, suka makara a aikinsu na yamma. Cheung ya yi kwana biyu ba ya iya miƙe baya. Suk-yin ta koyi kankara da cokali, amma wuƙar robarta tana nan a ɓoye cikin jakarta. Kaka Mak ta yi faɗa da mai kabewa tun ranar farko, yanzu kullum shi ke ajiye mata masu gashi. Ɗan ƙanwar mai gida ya nemi wani ɗaki. Shi kuwa tsoho Mak bai ce ya ƙoshi ba sai ranar Alhamis.