Tambaya ta Huɗu

"Arba'in da bakwai," in ji Falmata, tana zagaye lambar da biro a bayan tsohuwar kalanda.

"Da asuba fa hamsin da uku kika ce min," mijinta Abdulfattah ya amsa yana neman makullin babur. "Don Allah Akanta, kar in dawo daga aiki in tarar kin kai kanki talatin."

"Baban Mairam, ka daina ce min Akanta. So kake ka jawo min baki?"

Ya yi dariya, ya zare biron daga hannunta ya sa a aljihu. Tana jin ƙarar babur ɗinsa ta bar layin ta ɗauko wani a jakar makarantar 'yarsu.

Sati shida ke nan da ta zauna takardar ƙarshe ta jarrabawar ƙwararrun akantoci a Kano. Shekara huɗu tana hawa mataki bayan mataki, wani da ciki, wani da goyo, wannan ce kaɗai ta rage, kuma maki hamsin ake nema. Saura kwana goma sakamako ya fito. Masu kamfanin casar shinkafa na bakin hanya sun ce kujerar akanta tata ce in ta kawo shaida. Ga kuma wata takarda a kan firji, an danne ta da kofi: wata makaranta a Malam Madori ta ɗauke ta koyar da lissafi, amma sai ta sa hannun shekara biyu ranar Litinin, in ba haka ba a ba wani. Litinin kuwa jibi ce.

Duk tashin hankalin nan a kan tambaya ta huɗu yake, mai maki ashirin. Ranar jarrabawa, saura minti goma sha biyu a karɓe takarda ta iso kan tambayar. Ta dubi lambobin, ta lumshe ido, suka jeru mata a kai kamar yadda suka saba tun tana ƙarama, ta rubuta amsa ta ja layi biyu a ƙasa. Sauran shafin fari fat. Ta fito tana jin kanta a sama. Sai a mota, wajen Ringim, ta tuna abin da malamai suka yi ta nanatawa: mai duba takarda matakai yake ba wa maki, amsar ƙarshe ba ta wuce biyu ko uku ba.

Ba mantuwa ta yi ba. Da lokaci ya ƙure, 'yar Baba Zarami da ke cikinta ce ta karɓe biron. Mahaifinta Baba Zarami dillalin banda ne a kasuwar kifi ta Haɗejia, inda duk wanda ya ciro takarda don ya san adadin kayansa ya zama abin tsokana har ya tsufa. A gefensa ta tashi, yana jefa mata lamba tana cafewa, yana nuna ta ga abokansa.

Ta share tsakar gida sau biyu. Ta zuba wa miya gishiri, ta dawo ta ƙara. Ta buɗe zauren ɗalibai a waya, ta ga wani ya rubuta cewa bara an ba yayansa maki biyar a irin haka, wata ta ce sifili ake bayarwa, ta kife wayar a kan tabarma, ba a yi minti ɗaya ba ta sake ɗauka. In sun ba ta takwas ta haye. In biyu ne, arba'in da bakwai. Ta ɗaga kofin nan ta kalli takardar Malam Madori, ta mayar. Gidan ya yi mata ƙunci, ta zari hijabi ta tare a-daidaita.

Damina ta kankama. Ruwa ya shanye gonakin bakin fadama, mata sun duƙa suna dashen shinkafa, ciyawar kachala ta yi kore shar har inda ido ya tsaya. Falmata na kallo, amma jerin masu dashen ma lissafa su take, tana rabawa da ashirin.

Ƙaurin banda ya tare ta tun daga bakin kasuwa. Baba Zarami na zaune a kan benci, hannunsa na dama cikin hannun riga, ana loda kwalaye a babbar mota mai zuwa Kudu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Uwata, lafiya da ranar nan?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiran ta da wani suna ba. "Ko sakamakon ne?"

"Bai fito ba, Baba. Zaman gidan ne ya gagare ni."

Ya matsa mata. Ta zayyana masa komai, har da farin shafin. Tana gamawa sai direban motar ya diro, wani baƙo mai suna Shu'ibu da ranar ce lodinsa na farko a wurin.

"Alhaji, kwali ɗari biyu da goma ne."

"Da sha huɗu," in ji Baba, ko motar bai kalla ba.

"Ni fa na tsaya a kan lodin nan."

Masu lodi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Direba, kai sabo ne. Alhaji Zarami ba a musu da shi, tun kafin a haifi motarka yake ƙirga kifi."

"Ko tun kafin a haifi kogin ne, ni ban san shi ba. In na isa Onisha aka ce huɗu sun ɓace, ni za a riƙe. A nuna min."

Falmata ta zaci Baba zai yi fushi. Sai ta ga ya miƙe, ya zaro hannun nan daga riga, abin da ba ta taɓa gani ya yi a kasuwa ba. Ya bi gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa, a hankali, yana faɗa a fili: jeri bakwai a ƙasa, kowanne goma sha takwas, jeri biyar a sama, kowanne goma sha shida, takwas a bayan kan mota da aka rufe da tamfol tun da safe. Shu'ibu ya haura ya ɗaga tamfol, ya sauko yana sosa ƙeya.

"Huɗu na gani ɗazu, ashe akwai wasu a ƙasa. A yi haƙuri, Alhaji."

Baba ya dawo ya zauna, ya mayar da hannunsa.

"Baba, dama da yatsu kake yi?"

"Da me kike zato? Aljanu?" Ya murmusa. "Mutanen nan sun san ni, bakina ya ishe su. Baƙo kuwa sai na fito masa da hannu. Shi mai duba takardarki, ya san ke 'yar Zarami ce?"

"Bai sani ba."

"To kin ga rabin laifin nawa ne. Na koya miki ɓoyewa, ban koya miki nunawa ba. Amsar dai daidai ce?"

"Wallahi daidai ce, Baba. Na sake yin ta sau ya fi goma."

"To me zai kai ki Malam Madori? In aikin malanta kike so, Allah ya sa albarka, ni zan raka ki. In kuwa ɓuya za ki je yi saboda rabin shafi, ki faɗa min gaskiya."

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen hijabi. Arba'in da bakwai na nan daram, kujerar kamfanin kuma ba za ta jira wanda ya faɗi ba. Ta san haka sarai. Ta tuna ranar da ta dawo daga Kano ta watsar da littattafanta ta ce a ƙone, Abdulfattah ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe, ya ɓoye a inda har yau ya ƙi faɗa mata.

Ta ciro waya ta kira Abdulfattah. Bugu biyu ya ɗauka.

"Nawa muka koma yanzu, Akanta?"

"Baban Mairam, littattafan nan da ka ɓoye, ka fito min da su yau." Ta dubi Baba, ta ɗaga murya har masu lodi suka waigo. "Malam Madori ba zan sa hannu ba. Zan jira sakamakona. In ma arba'in da bakwai ɗin ne, Nuwamba zan koma Kano in fito musu da hannuna!"