Waƙar Vom a Bakin Lungu

Ranar da rikicin Satumba ya ɓarke, Oga Chuwang, ɗan garin Vom, yana cikin unguwarmu Gangare, yana gyara wa mahaifina keken ɗinki. Hanya ta rufe. Muka ɓoye shi a ɗakin yaduka. Da aka ce sojoji sun kafa shinge a babban titi, Baba ya ba shi jallabiya da hula, ya ce in raka shi can. Ya gargaɗe shi kada ya buɗe baki, don Hausarsa za ta tona shi.

Washegari da hantsi muka fita. Ko'ina ƙauri. A bakin lungu samari ne riƙe da gorori, a gabansu Ashraf, wanda aka kashe wa ƙane ran Juma'a. Na yi sallama, suka amsa ciki-ciki. Saura ƙiris mu wuce, hayaƙi ya sarƙe Chuwang, ya yi tari.

Tsoho Datti na zaune a dakalinsa, gurmi a cinya. Makaho ne, da murya da tari yake gane mutane. Al'adarsa, duk baƙon da ya gifta sai ya gaishe shi da waƙar garinsu. Na Bici a yi masa ta Bici, na Lafiya ta Lafiya. Chuwang kan tsaya kullum ya ji tasa, har ya riƙa share ido, wai tana tuna masa gonar gyatumarsa.

Yatsun tsohon suka hau tsirkiya. Vom mai duwatsu, acha ta nuna, ɗan Vom yaushe za ka gida.

Chuwang ya tsaya cak. Ba da niyya ba, ƙafafun ne suka saba.

Ashraf ya juyo. Ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce kawuna ne. Ya ce bai san muna da kawu a Vom ba.

Gurmin ya tsaya. Ina jin sai a lokacin Datti ya lura da irin shirun da ke lungun. Ya miƙe da ƙyar, ya lalubo kafaɗar Chuwang ya dafa.

"Ɗan Vom, ja ni zuwa titi."

"Baba, koma ka zauna," in ji Ashraf.

"Ni na kira shi, ɗana. In za ka sauke gorar nan, fara da hannuna."

Ba wanda ya matsa, ba kuma wanda ya tare. Muka ratsa ta tsakiyarsu, gurmin a hannuna. Tsohon ya ci gaba da waƙar da baki, yana lissafa rafuka da kasuwannin garin da bai taɓa zuwa ba. Ina jin sawu a bayanmu. Ban waiga ba.

Sai da soja ya daka mana tsawa sannan Datti ya saki kafaɗar. Chuwang ya ɗaga hannuwa sama, ya tsallaka shingen.

Datti ya tambaye ni ko ya haye. Na ce ya haye. Ya zame ya zauna a bakin kwata, ya ce in ɗan jira shi.