Wadda Ta Fi Shan Mai

Shekarar da yayyena biyu suka sayi mota, kunnuwanmu ba su huta ba. Duka biyun ƙananan jif ne, ta Yaya Babba fara, ta Injiniya ruwan toka. Injiniya dai ba injiniya ba ne, shagon kayan wuta gare shi. Yana yaro ya kwance rediyon Baba ya kasa mayarwa, shi ke nan suna ya bi shi.

Duk ranar hutu sai su jera motocin a ƙofar gidan Mama, su baje a falo, a ɗora daga inda aka tsaya.

"Tawa ba shan mai take ba," in ji Yaya Babba, "sansana shi kawai take yi."

"Haba Yaya, wannan mai cikin zanin? Ni fa har na fara mance hanyar gidan mai."

Akwai ranar da suka cika tankunan a famfo ɗaya, suka zaga gari, suka dawo suka duƙufa kan allurar mai, kowa na rantsuwa tasa ce ba ta motsa ba. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Yabon kai jahilci, ku zo ku ci abinci." Amma daɗi take ji. Babu maƙwabciyar da ba ta san 'ya'yanta sun yi mota ba.

Sai Mama ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ce akwai sa rai za ta sake takawa, muddin ana kai ta asibiti gashin ƙashi a kai a kai. In aka yi wasa ƙafar za ta sandare, kuma in ta sandare ba ta saki. Asibitin yana can ɗaya ƙarshen gari, bayan duk wani cunkoso da Allah ya yi. Ni ce auta, ni ke zaune da ita, kuma abin da na mallaka mai taya keken ɗinki ne. Tasi ba ta ɗaukar keken guragunta, amma a bayan jif sai a naɗe shi ya shige.

Da farko karɓa-karɓa suke yi, har da rige-rige. Da mai ya ƙara tsada sai uzuri ya fara yawa, yau taro, gobe taya. Rannan na rasa ko layin waye, na kira su duka. Na yi wa Mama wanka, na shirya ta, na zaunar da ita a kekenta a ɗaki. Ƙofar ɗakin a buɗe take, ga falo nan kusa inda suka zo suka zauna.

Yaya Babba ne ya fara, da murya mai laushi. "Injiniya, gaskiya ɗaya ce, taka ta fi tawa sauƙin mai. Tun can na sani, musu ne kawai irin namu."

"A'a Yaya, kada ka zuga ni. Tawa sai a doguwar hanya. Ta shiga cunkoso, ka ce huda tankin aka yi. Ai taka ce 'yar gari."

"Injina ya fi naka girma fa. Ga kaya, ka san nauyi na ƙara shan mai. Ka ɗora keken nan, ga Mama, ga Auta."

"Ga esi, dole a kunna mata. Tawa in na kunna esi, ido buɗe nake ganin allurar tana sauka."

Tunda nake ban taɓa ganin 'yan'uwa masu girmama juna irin na ranar ba, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa kambu. Raina ya ɓaci. Na fito na ce, "Ba ku ji kunya ba? Matar da ta goya ku ce yau kuke aunawa da lita?"

Yaya Babba ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da ba ki taɓa sayen ko kwalba ɗaya ba, me kika sani?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Ya ja tsaki ya ɗauki makulli, ya ce a fito da ita.

Muka shiga ɗaki muka tarar Mama ba ta cikin keken. Ta ja jikinta da hannu ɗaya ta koma bakin gado, gumi ya jiƙa mata mayafi.

"A bar keken nan a gida," ta ce.

"Mama, da me za ki shiga asibitin?"

"Zan dafa ki. Ni kuma ai na rame, ba ni da wani nauyi yanzu."

Da da faɗa ta faɗe shi, da ya fi mini sauƙi. Cikin lallashi ta faɗa, kamar mai ba da haƙuri. Injiniya ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

A mota Yaya Babba ya kai hannu zai kunna esi, ta ce ya bari, iskar taga ta ishe ta. Babu wata iska, hayaƙin manyan motoci ne da rana. Muna tsaye cikin cunkoso, ita kuma daga kujerar baya idonta na kan allurar nan, bai sauka ba har muka isa.

Da muka dawo ta tara su ta ce ta ji sauƙi sosai, zuwa asibitin ya isa haka, ni zan riƙa murza mata a gida. Na ce ƙarya ne, ta harare ni. Su kuwa suka ce alhamdulillahi, da saurinsu har baki na haɗuwa.

Na murza iyakar iyawata, na roƙe ta ta bari mu koma, ta ƙi. Ƙafar ta sandare kamar yadda likita ya ce. Har yanzu suna zuwa ranar hutu, su jera motocin a ƙofar gida, su yi hirar ƙwallo. Maganar mai dai an daina.

Jiya da hantsi ina shafa mata mai a ƙafar, ta leƙa taga ta daɗe tana kallon motocin.

"Auta, tsakani da Allah, wacce ce ba ta sha da yawa?"

"Ban sani ba, Mama. Me ya kawo wannan kuma?"

"Ki bincika mini," ta ce. "Ranar da za a fita da ni zuwa makwancina, a sa ni a cikinta, kada su tsaya musu a gaban mutane."