Gamban Gindin Tsamiya

"Rumbu uku cike da gero, amma ko sisi babu a tungar nan!" in ji Barmo, ya buga hula a cinya. "Na ce wa mai karɓar haraji ya ɗauki dami goma, wai shi ba jaki ba ne, kuɗi aka aiko shi."

Matarsa Kuluwa na kwance a rumfa, masassara ta kwana biyu tana kaɗa ta.

"To wa ya aike ka sare rabin daji? Sai da na ce, Malam, hannu biyu gare ka."

"Wa ya san za su zo da igiya su auna? Har inda ban taɓa sa wa garma ba, sai na biya."

Shekara tara ke nan da suka baro garinsu, su da gida huɗu, suka yi sassabe a dajin nan. Yanzu kuwa ba mafita sai a sayar wa Na'iya falke da fadama, don shi kaɗai ke da tsabar kuɗi a hannu. Bayan la'asar za a dasa gamba a sabuwar iyaka, gaban shaidu.

"Har da tsamiya?" ta tambaya.

"Ya ce in ba tsamiya ba ciniki. Inuwar jakunansa."

A gindin tsamiyar nan aka binne 'yarsu ta fari, daminar farko, lokacin tunga ba ta da maƙabarta. Ita kuwa Kuluwa, don kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, da ranta ko bayan ranta. Ko hawayenta ba a gani ba. Ta ja zane ta rufe kai, ta yi salati, barcin rana ya kwashe ta.

Sai ga ta a gona. Itatuwan da aka sare duk sun dawo, amma saiwa a sama, ganye a ƙasa. Tsohon gatarin Barmo ya taho kan ƙotarsa yana ɗingishi.

"Taso, uwar gida, an fara awo."

"Ni wake na bari a wuta."

"Wake ya iya jira. Igiya ba ta iya ba."

Ga igiyar kuwa, da kai irin na kububuwa, tana jan ciki. Duk inda ta bi sai ƙasa ta naɗe kamar tabarma. Suka bi bayanta, ba su yi nisa ba gona ta zama kasuwa. Maƙwabta duk suna nan, kowa da gonarsa naɗe a ka, da rijiyarta da kukarta suna leƙowa ta gefe. Kowa na talla, ba mai tayawa. Can sama sulalla ne ke shawagi kamar jan baki, su sauka su tsattsage gero su tashi. Dattawa na tsalle da babbar riga, ba wanda ya cafke ko ɗaya.

"Da ni aka sayi ƙasar nan," in ji gatari. "Ni da gumi. Yanzu an ce ba a karɓar irinmu."

"To kai ma ka yi zari."

"Na yi. Ba ni da ciki ne, shi ya sa ban san ƙoshi ba."

Kasuwar ta narke, ta koma ruwa iya idon sawu. A tsakiya ga tsamiya, a gindinta wata tsohuwa, jikinta laka, gashinta ciyawa. Goyo ne a bayanta, ba ɗaya ba, ba goma ba. Cikin ƙafafun da ke lilo Kuluwa ta hango wata 'yar ƙafa da jan zare a ɗaure. Ita ta ɗaura shi da hannunta.

"An ce in koma gidan wani," in ji tsohuwar. "Mai ajiya a wurina ya faɗi sunan ajiyarsa."

"Iya, waccan ce. Wance."

"Wance da yawa a bayana."

"Kin san ba a faɗa. Ta fari ce."

"Don idon mutane ake yi. Nan wa ke kallonki?"

Kuluwa ta waiga. Gatari ya juya baki yana kallon gabas. Ta buɗe baki, sai gero ke zuba, tsaba tsaba, ba murya. Igiya ta iso, ta zagaye tsamiya, ƙasa ta fara naɗewa daga gefe. Jakuna suka shigo inuwa suna tattakawa. 'Yar ƙafar nan ta yi lilo sau ɗaya, tabarmar ƙasa ta kusa rufe ta.

Jaki ya yi kuka.

Ta zabura jiƙe da gumi. Wake ya kama, ƙauri ya cika gida. Ta nemi tsari, ta tofa hagu sau uku. Jakin na Na'iya ne, yana ƙofar gida, ga muryar shaidu ana gaisawa. Barmo ya kai bakin zaure, fartanya a kafaɗa, saiwar gamba a hannu tana zubar da ƙasa.

Ba ta tsaya neman mai fassara ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta dafa bango ta bi shi.

"Malam."

"Koma ki kwanta, mutane na jira."

"A cire tsamiya, Na'iya ya rage kuɗin. Abin da ya yi saura na haraji, a kai tasoshina na aure kasuwa, har da akuya."

"Tasoshi? Wa ke da kuɗin tasa a tungar nan?"

"Shi mai jakuna. Ya kai su birni."

"Duk don itace guda, Kuluwa?"

Shaidu na waje, zana kuwa ba ta tare magana. Ta haɗiye yawu, wannan karon ba gero a bakin.

"Saudatu na nan."

Barmo ya tsaya cak. Tun ranar suna bai taɓa jin sunan 'yarsu a bakinta ba. Daga waje Na'iya ya yi gyaran murya, ya ce rana na tafiya.

"Don Allah, Malam," ta ce, "ka dasa gamban nan kafin tsamiya."